Tambaya da Amsa: Ina Son in Motsa, Amma Gabana Yana Faɗuwa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa daga garuruwa daban-daban suka zo, amma damuwar masu su iri ɗaya ce. Wani sauyi ya tunkaro su, ko su ne ke son tunkararsa, tsoron abin da ba su sani ba kuma ya riƙe musu ƙafa. Mun sakaya sunaye kamar yadda aka roƙa. Masu amsawa a wannan fili su ne likitan ƙwaƙwalwa, da malamin fiƙihu, da masanin harkar fansho, da wani dattijon ɗan kasuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 31, ina da mata da yara biyu. Tun ina ɗan shekara 20 nake tsaron shagon Baffana a Kantin Kwari. Na san atamfa, na san shadda, na san masu sari. Na tara ɗan abin da ya samu, ina so in tsaya da ƙafafuna, amma duk ranar da na yi niyyar yi wa Baffa magana sai bakina ya yi nauyi. Ina tsoron ya ce na butulce masa, ina kuma tsoron in fita jarin ya karye. Abokaina suna ce mini da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Daga wani ɗan'uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsoro biyu ne ka haɗa wuri guda, shi ya sa suka yi maka nauyi. Ɗaya na kuɗi ne, ɗaya na zumunci, kowanne kuma da hanyar da ake bi masa. Mu fara da na kuɗi, tunda shi yana lissaftuwa.

Ka sayi ƙaramin littafi, ka yi wata 3 kana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka saboda gida: cefane, gawayi ko gas, haya, kuɗin makarantar yara, magani, kuɗin mota, katin waya, har gudummawar biki da suna. Kada ka kintata da ka, don yawancin masu kintace ƙasa da gaskiya suke faɗi. Abin da ya fito a matsayin kashin wata ɗaya, ka ninka shi sau 6. Wannan kuɗin ba jari ba ne, abincin iyalinka ne na watannin da sabon shago bai fara ciyar da kai ba. Abin da ya saura bayan ka cire shi, shi ne jarinka na gaskiya. In ka cire ka ga babu saura, to tsoron nan naka gaskiya yake gaya maka, lokaci bai yi ba. Sai dai yanzu ka san nawa ya rage, ka san wata nawa za ka yi kana tarawa, kuma wanda ya san haka ya fi samun barci a kan wanda kullum yake cewa "wata rana".

In akwai saura, kada ka fita tukuna. Ka gwada kasuwar kana cikin inuwar Baffa, amma da saninsa, domin yin haka a ɓoye ha'inci ne, kuma a Kwari magana ba ta ɓuya. Ka saro turmi 20 ko 30 da kuɗinka, ka sayar ta WhatsApp da hannun matan da ke kasuwanci a cikin gida. Ka rubuta abu uku: kwana nawa kayan suka yi kafin su ƙare, nawa ka ci a kowane turmi bayan ka cire dako da kuɗin mota, nawa kuma ya maƙale a hannun masu bashi. Ka juya kuɗin sau uku aƙalla, kuma lallai ɗaya ya faɗo a lokacin da kasuwa ta yi sanyi, bayan Babbar Salla ko tsakiyar damina. Wanda ya auna kansa da cinikin goman ƙarshe na azumi ya yaudari kansa.

Abubuwan da ke karya sabon mai shago a wannan kasuwa sanannu ne. Yana zaton masu sarin da yake gaisawa da su kullum nasa ne, alhali sunan maigidansa da bashin da maigidan ke iya ɗaga musu suka biyo. Haka manyan dilolin da ke sakin kaya a kan amana, Baffa suka sani, kai sai ka gina taka amanar daga farko. Sai haya, wadda ake biya ta shekara a dunƙule, ta cinye rabin jari kafin a sayar da yadi ɗaya. Shi ya sa muka fi son ka fara da tebur, ko ku raba shago da wani. Sai bashi: ka yanke tun yau cewa abin da ke waje ba zai wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinka ba, ko wa ya zo. Ka kuma yanka wa kanka albashi na wata, ka daina zura hannu cikin ciniki. Akwai kuma wanda ya fi duka ɓoyuwa. A lokacin da farashi ke hawa, kana iya ganin kuɗinka sun ƙaru a lissafi, amma in ka je sari ka tarar turmi 30 ɗinka sun koma 26. Don haka ka riƙa ƙirga jarinka da turmi, ba da naira ba.

Yanzu maganar Baffa. Yaye yaron shago ba baƙon abu ba ne a kasuwa, yawancin manyan da kake gani haka aka yaye su, shi ma ya san ranar za ta zo. Abin da ke ɓata zumunci shi ne yadda ake fita. Kada ka yi masa maganar a shago gaban yara da masu ciniki. Ka same shi a gida bayan isha'i, tare da mahaifinka ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka fara da godiya, ka ambaci abin da ya yi maka dalla-dalla, sannan ka ce shawara da albarka ka zo nema. Ka ba shi wata 3, ka koya wa wanda zai gaje ka aiki, a ƙirga kaya a gaban shaida, ka miƙa littafin bashi a tsabtace. Kada fitar taka ta faɗo gab da Salla, lokacin da ya fi buƙatar hannu. Bayan ka fita kuma, kada ka ɗauki waya kana kiran masu sarinsa.

Yana iya ɓata rai a zaman farko. Wannan ba ƙarshen magana ba ne, ka ba shi mako biyu ka koma. In ya ce ka jira, ka roƙe shi cikin ladabi ya ambaci wata.

Abokanka kuwa rabin lissafi suka yi maka. Sun auna hatsarin fita, ba su auna hatsarin zama ba. Nan da shekara 10 yaranka suna sakandare. Kuma rai na Allah ne: ranar da Baffa ya kwanta dama, shagon nan na magadansa ne, shekarun da ka yi a ciki ba su ba ka kaso ba.

TAMBAYA: Malam, an yi mini tayin aiki a wani gari. Na yi istihara sau uku ban yi mafarkin komai ba, har yanzu kuma ina jin tsoro. Wannan alama ce ta in haƙura? Daga wani matashi a Azare.

AMSA: A'a. Hadisin Jabir da Bukhari ya ruwaito ya koyar da raka'a biyu na nafila, sannan addu'ar neman zaɓin Allah. Babu maganar mafarki a cikinsa, babu kuma sharaɗin sai tsoro ya gushe. Abin da kake roƙo shi ne, in alheri ne a sauƙaƙa maka shi a sa albarka, in sharri ne a kawar da shi daga gare ka. Ana gane hakan ne bayan an taka, ba a zaune ba. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta jera abin a tsare: shawara, sannan azama, sannan tawakkali. Kai ka tsallake ta farko. Ka nemi mutum biyu da suka taɓa aiki a wurin, ka tambaye su ko ana biyan albashi a kan lokaci, nawa ne hayar ɗaki a garin, me ya sa wanda ya riƙe kujerar kafin kai ya bar ta. Ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce kafin ka ajiye wanda ke hannunka. In amsoshin sun yi kyau, ka tafi ko da gabanka bai daina faɗuwa ba.

TAMBAYA: An mayar da maigidana Legas, za mu tashi nan da wata biyu. Ni ban taɓa zama a wani gari ba sai Funtuwa. Tun da aka faɗa mini, nakan farka cikin dare zuciyata na bugawa da ƙarfi, numfashina na sarƙewa, yatsuna su yi dindiris, har in ga kamar mutuwa zan yi. Wasu a gida sun ce iska ce. Ina jin kunyar gaya wa maigidana. Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta likitoci sun san shi sarai, yana da magani, kuma ba hauka ba ne. Amma kafin a ce fargaba ce kawai, ki je asibiti a duba abu huɗu: hawan jini, yawan jini, sukari, da aikin ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Ƙarancin jini da yawan aikin wannan ƙulli duk suna sa zuciya bugawa irin haka. In akwai yiwuwar ciki, ki faɗa wa likita. In kuwa ciwon ƙirji yana zuwa lokacin da kike aiki ko tafiya, ko yana miƙewa zuwa hannu ko haɓa, ko kin taɓa suma, kada ki jira gobe.

In gwaji ya fito lafiya, ga abin da ke faruwa. Idan ƙwaƙwalwa ta hango hatsari, ko da a tunani ne, jiki yakan saki sinadarin adiranalin don ya shirya gudu. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya zama gajere. Wannan numfashi na sauri yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo jiri da dindiris ɗin yatsu. Ke kuma da kin ji haka sai ki ce mutuwa ce, tsoro ya ƙaru, jiki ya ƙara sakin sinadarin. Yawanci abin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara sauka da kansa.

In ya taso, ki tashi zaune, ki ɗora hannu ɗaya a kan cikinki. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga 4, cikin ya taso, kafaɗu su zauna inda suke. Ki fitar a hankali ta baki kina ƙirga 6. Fitarwar ce mai aikin, domin tsawaita ta ke rage gudun zuciya. Ki yi haka minti 5. Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne: jan iska da ƙarfi ana cika ƙirji, wanda ke ƙara jirin, da kuma jira sai abin ya taso kafin a gwada. Ki riƙa yi sau biyu kullum kina lafiya, bayan asuba da kafin barci, don jiki ya saba. Daga azahar ki bar goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari. Kada ki karɓi ƙwayar barci irin diazepam daga kemis ko hannun ƙawa, domin jiki na saurin sabawa da ita, ranar da aka daina kuma fargabar takan dawo fiye da da. Azkar da addu'a ki riƙe su da kyau, ba sa karo da zuwa asibiti.

Wannan na jiki ne. Tushen abin shi ne, Legas a ranki duhu ce baki ɗaya, ba ki san komai nata ba sai labarin da ake bayarwa. Ki ɗauki takarda ki rubuta ainihin abin da kike tsoro, ɗaya bayan ɗaya. Za ki ga bai wuce biyar ko shida ba: ba na jin yarensu, wa zai taimake ni in yaro ya yi zazzaɓi maigida ba ya nan, ina zan yi cefane, yaushe zan ga Inna. Kowanne cikinsu tambaya ce mai amsa. Hausawa sun daɗe a Legas, akwai su da yawa a Agege, Idi-Araba da Obalende, da masallatansu da islamiyyunsu, kasuwar Mile 12 kuwa kayan gwarin Arewa ake saukewa a cikinta. Ki roƙi maigida ya samo miki lambar matar wani abokin aikinsa ko ɗan garinku da ke can, ku fara gaisawa tun kina gida. Ya ɗauko miki bidiyon gidan da layin. Ku yanke tun yanzu watan da za ki zo ganin gida, a sa shi cikin lissafin kuɗi. Duk wannan kuwa ba zai yiwu ba sai kin gaya masa, saboda haka ki cire kunyar. Ki ce masa, "Ina son tafiyar nan, amma ga abin da ke samuna da dare, ina so ka raka ni asibiti."

Idan kun isa, zuciyarki za ta ce ki kulle ƙofa ki zauna. Kada ki biye mata. Duk ranar da mutum ya kauce wa abin da yake tsoro yakan ji sauƙi nan take, wannan sauƙin kuma shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa lallai akwai hatsari, gobe tsoron ya fi na yau. Ki bi abin daki-daki. Makon farko ku fita tare, ki ga asibiti mafi kusa, da kasuwa, da masallaci. Sannan ki je shagon bakin layi ke kaɗai. Sannan kasuwa da rakiyar maƙwabciya, sannan ke kaɗai. Kowane mataki ki maimaita shi sau uku ko huɗu a mako, ki kuma tsaya a wurin har bugun zuciyar ya ragu kafin ki juyo. Waya da gida sau ɗaya a rana ta isa. Wadda ta wuni tana waya da Funtuwa ba za ta san sunan maƙwabciyarta ba.

Kewar gida a watannin farko ba ciwo ba ce. Amma in kika yi mako biyu cur cikin baƙin ciki, ba ci ba barci, komai ya fita daga ranki, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Kusa da ke akwai asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, a Legas kuma akwai na Yaba.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, saura wata 14 in cika shekara 35 a bakin aiki. Ban iya wata sana'a ba. Da na tuna ranar da zan wayi gari babu ofis sai jikina ya yi sanyi. Abokai suna ce mini in zuba kuɗin sallamata a kiwon kaji. Daga wani dattijo a Zariya.

AMSA: Ranka ya daɗe, wata 14 lokaci ne mai albarka in aka fara yau. Ka fara da ofishin kamfanin fanshonka a wannan makon. Ka karɓi bayanin asusunka, ka duba ko akwai watannin da ba a zuba ba, domin a dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, ma'aikata ta ƙara kashi 10. Tunda ka fara aiki kafin a kawo wannan tsari a 2004, akwai haƙƙinka na shekarun baya da gwamnati za ta zuba, shi ya sa tantancewar da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke yi wa masu shirin ritaya ba abin wasa ba ce. Abin da ya fi jinkirta biyan mutane shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin fayil ɗin ofis, katin ɗan ƙasa da banki. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya ci maka watanni. Ka gyara yanzu kana da ofis da ƙarfin zirga-zirga. Ka kuma ajiye abincin wata 6, domin tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan sami tazara. Masu aikin jiha da ke karanta wannan su tambayi hukumar fanshon jiharsu, don ba duk jihohi ke bin wannan tsari ba.

Za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma ka zaɓi ɗayan biyu: kamfanin fansho ya riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, ko ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rai. A na farko, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. A na biyu, garantin magada na shekara 10 na farko ne kawai. Ka lura da wannan da kyau: daga na farko ana iya komawa na biyu, amma daga na biyu ba a dawowa. Duk shawarar da ba a dawowa daga cikinta, kada a sa ka hannu a kanta a zama ɗaya. In kana ƙyamar kuɗin ruwa, tun 2021 akwai asusun da ba ya hulɗa da shi, wanda ake kira asusu na shida a jerin asusun fansho, ka tambaye su.

Kiwon kaji sana'a ce mai kyau ga wanda ya koye ta. Ga wanda bai koya ba, hanya ce ta ƙarar da kuɗin shekara 35 cikin shekara ɗaya. Ka gwada yanzu da albashinka, da 'yan tsaki 50 na nama, waɗanda ke isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8. Za ka gani da idonka cewa abinci ke cin kaso mafi girma na kuɗin, cewa sanyi da cunkoso na kashe tsaki a makon farko, cewa tsallake rigakafin cutar Gumboro ko ta Newcastle na iya share ɗaki cikin kwanaki, kuma cewa kowace rana da kaza ta ƙara bayan ta isa sayarwa ribarka take ci. Ka nemi mai saye tun kafin su girma. Ka yi zagaye uku, ka rubuta komai. In ka ga ba taka ba ce, asarar kaji 50 ka yi. Kuɗin sallama kuwa, ranar da suka shigo ka bar su wata 3 ba ka taɓa ba, domin a lokacin ne masu kawo "harka" ke yawaita. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba mai yawa tabbatacciya kowane wata, ka tuna yadda harkar zuba kuɗi ta MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016.

Sanyin jikin da kake ji kuwa, a ganinmu ba na kuɗi ba ne kaɗai. Ofis ya shekara 35 yana ba ka dalilin yin wanka da safe, da mutanen gaisawa, da sunan da ake kiranka da shi. Waɗannan ma ana tanadinsu. Kafin ranar ta zo, ka sami wuri ɗaya da ake jiranka da safe aƙalla sau uku a mako: kwamitin makarantar unguwa, karatun zaure, gona, ko koya wa matasa aikin da ka ƙware a kai. Ka fara tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako. Ka tambayi matsayin inshorar lafiyarka bayan ritaya. Ka kuma zaunar da Hajiya da manyan yara ka faɗa musu ainihin abin da zai riƙa shigowa, don kada a ci gaba da kashe kuɗi da ma'aunin albashin da babu shi.

TAMBAYA: An cire ni daga makaranta ina aji uku na sakandare aka yi mini aure. Yanzu shekarata 36, yarana sun tasa, ina so in koma karatu, maigidana ma ya yarda. Amma ina jin kunyar zama da sa'o'in 'ya'yana, ina kuma tsoron kaina ya toshe. Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya, ba sai kin zauna da yara ba. Jihohi suna da hukumar ilimin manya mai azuzuwan mata, inda za ki tarar da sa'o'inki har da waɗanda suka girme ki. WAEC da NECO kuma duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda ba a buƙatar shiga aji kafin a rubuta ta. Abin da ake nema shi ne kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, makarantu da yawa kuma suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, don haka faɗuwa a darasi ɗaya ba ta rushe komai. Ki yanke tun yanzu inda kika dosa, domin shi zai zaɓa miki darussa. Aikin jinya na buƙatar darussan kimiyya uku, na halittu, na sinadarai da fiziks. Koyarwa kuwa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana da karatun NCE daga nesa, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ma tana da cibiyoyi a jihohi.

Kanki bai toshe ba, sabo ne ya tafi, yakan kuma dawo. Minti 40 kullum bayan asuba ya fi awa biyar ranar Lahadi. Masu komawa karatu sukan karaya ne saboda sun fara da tambayoyin jarrabawar baya tun ranar farko, su ga ba su gane komai ba, su ce ai dama. Ki fara da littafin Lissafi da na Turanci na aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ko da kin ga kamar kin wuce nan, ki hau a hankali. Babbar 'yarki ko ɗanki ya riƙa duba miki aiki sau biyu a mako. Tambayoyin baya sai saura wata 4 jarrabawa, kina sa agogo. Ki ba kanki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ba wata shida ba.

Ranar Litinin ki je ofishin ilimin manya mafi kusa da ke, ki tambayi wane aji za su sa ki, ƙarfe nawa ake shiga, nawa ake biya. Ki tafi da takardar firamarenki da lambar katin ɗan ƙasa, ki tabbatar sunan da ke jikinsu iri ɗaya ne, domin ana neman lambar wajen rajistar jarrabawa, kuma gyaran suna bayan sakamako ya fito yana da wahala.